Kwalliyar da Na Yi wa Gidan Tsofaffi

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shago a wani lungu na unguwar Darrasa a Alƙahira, na taɓa yin wani wayo da ya kusa raba wani tsoho da wuri ɗaya da ya rage masa a duniya. Yanzu abin ya wuce, ina iya ba da labarinsa har in yi wa kaina dariya. A lokacin kam ban ga abin dariya ba.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata. Karatu ne ya kawo ni Alƙahira daga Funtuwa. Na yi shekara biyu ina fama da nahawu, nahawu yana fama da ni, daga baya muka rabu ba tare da kowa ya riƙe kowa ba. Sai na koma dillancin kayan gida na hannu. Idan ma'aikacin ofishin jakadanci ya gama wa'adinsa a Zamalek, unguwar manya, zai koma ƙasarsu, ni nake kwashe kujeru da gadaje da firij, in goge, in ɗaure abin da ya kwance, in sayar wa ɗalibai da masu iyali. Da tafiya ta yi nisa na haɗa da gadajen asibiti da kekunan marasa lafiya, saboda mutanenmu masu zuwa jinya. Abu ɗaya na ƙware a kai a rayuwata, shi ne in ɗauki tsohon kaya in ajiye shi ta gefen da haske zai sauka masa da kyau.

Ina da wani abokina da muka shigo garin nan shekara ɗaya. Shi ya gama karatunsa tsaf, amma bai koma gida ba. Ya kama wani tsohon gida mai hawa biyu a unguwar Arba wa Nus, ya tara tsofaffi shida a ciki, dukkansu Hausawa, yawancinsu a Sudan suka girma, babu mai kowa a cikinsu. Shi ne mai girki, shi ne mai wanki, shi ne liman. 'Yan kasuwa suna taimaka masa da abin da ya sauƙaƙa, ni kuma duk gadon da ya ƙi sayuwa a shagona can yake ƙarewa.

A cikin tsofaffin akwai wanda kowa ke kira Baba, har da sauran tsofaffin. Ɗansa ne ya kawo shi neman magani, ya bar shi ya ce zai ƙetare teku neman aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ƙafafun Baba sun daina ɗaukarsa. Wani abin mamaki kuma, Larabcin da ya yi shekara saba'in yana yi ya fara zubewa daga bakinsa kamar ganye, Hausar yarintarsa tana dawowa, tsohuwar Hausa irin wadda rabona da ji tun kakata tana da rai. Kullum bayan la'asar abokina yakan goya shi a baya, ya hau da shi rufin bene. Maƙwabcinsu yana da ɗakin tattabaru na katako, dogo kamar hasumiya, a daidai wannan lokacin yake sakinsu. Baba ba ya yarda a hana shi wannan kallo.

Goyon nan da ɗagawar nan su suka cinye bayan abokina. Likita ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa in bai daina ɗaga mutum ba, shi ma wata rana ɗaga shi za a riƙa yi. Mafita biyu ce kawai. Ko dai a samu ma'aikacin jinya mai ƙarfi da zai zauna a gidan, ko kuma a kai Baba wani babban gidan tsofaffi a bayan gari da ya yarda zai karɓe shi. Gida ne mai tsafta, na je na gani da idona. Amma babu mai jin Hausa ko da kalma ɗaya a ciki. Mutumin da harshe ɗaya ya rage masa, can zai je ya yi shiru har ƙarshe.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa wata gidauniya ta buɗe sabon tallafi ga ƙananan gidaje irin wannan, har da ɗaukar nauyin ma'aikacin jinya. Sharaɗinsu shi ne za su turo wata ƙwararriya da suka ɗauka ta duba gidan, abin da ta rubuta da shi za a yi aiki. Suka aiko da takarda mai shafi huɗu: a sa ƙarfen dafawa a banɗaki, a yi gangare a bakin ƙofa saboda keke, a rataye tukunyar kashe gobara, a ware wa kowa akwatin maganinsa, a raba kicin da wurin kwana. Abokina ya kawo min takardar shago yana dafe da ƙugu, ya ce, "Alhaji, ni karatun Bukhari na sani, wannan kuwa fagenka ne."

Na ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata. Na ce masa ya je ya kwanta, khalas, gidan ya shigo hannun masu shi.

Sati biyu na rufe shago da azahar ina tafiya can. Duk abin da ke cikin takardar na yi shi, kuma na yi shi da kyau, wannan ko yau ba na jin kunyar faɗa. Inda na ɓata shi ne abin da na ƙara daga kaina. Na dubi zuwan matar nan kamar zuwan mai sayen kaya. Na sa aka yi fenti ruwan madara. Na kawo labule daga gidan wani jakada da ya tashi. Ranar da za ta zo, tun da safe na kwashe duk abin da na ga zai zubar mana da mutunci na zuba a bayan motata: ledar shimfiɗa, fo, famfas na manya, tsohon keken da aka ɗaure hannunsa da igiya. Na sa turaren wuta a kowane ɗaki. Na tara tsofaffin na ce baƙuwa za ta zo, don Allah kada a ba mu kunya. Suka dube ni kamar na zage su, domin ba su taɓa tunanin yin wani abu daban ba.

Baba kuwa shi na fi ɓata lokaci a kansa. Muka sa masa babbar riga, na naɗa masa rawani da hannuna, muka zaunar da shi a wata kujera mai hannu ta Zamalek, na tokare shi da matasai ta ko'ina yadda ba zai karkata ba. Na rufe ƙafafunsa da bargo mai kyau, na ba shi carbi. Da na ja baya na dube shi, wallahi sai ka ce alƙalin wani gari ne ya zo hutu. Na tsaya ina yaba wa kaina.

Matar ta zo da hantsi. 'Yar Masar ce, mai matsakaitan shekaru, da tabarau da jaka cike da takardu, kowa Daktora yake ce mata. Ba ta da yawan magana. Ta ja ƙarfen banɗaki da ƙarfinta ta ga bai motsa ba, ta duba akwatunan magani, ta ce tamam, wato ya yi daidai. Sannan ta zauna da tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. Tambayoyinta iri ɗaya ne: kana iya wanka da kanka, kana iya tashi daga gado, akwai inda ke maka ciwo. Amsarsu ma iri ɗaya ce. Alhamdulillahi, lafiya lau, babu komai. Akwai wanda na san bai iya ɗaga cokali da hannun dama, shi ma ya ce sai godiya.

Da aka zo kan Baba ni na yi tafinta. Ta tambaye shi ciwo, ya ce sai alheri. Ta tambaye shi ko yana buƙatar taimako wajen tsarki da alwala, ya sunkuyar da kai ya ce Allah bai bar shi ba. Ni kuma na juya mata da Larabci har da ƙarin gishiri, na ce dattijon nan ƙarfe ne, mu ma da shi muke koyi. Abokina yana tsaye a bakin ƙofa ya miƙe sambal kamar soja, don kada ta lura da bayansa. Shi ma ni na gaya masa ya yi hakan.

Bayan kwana goma amsa ta zo. An yaba wa gidan ƙwarai. An ce tsaf yake, an cika duk sharuɗɗa, kuma abin sha'awa mazaunansa duk suna iya kula da kansu. Saboda haka ba a ga buƙatar ma'aikacin jinya ba, za a ba gidajen da suka fi buƙata. Abokina ya karanta min a tsakar gidan, ya yi dariya har da hawaye. Da ya gama dariyar ya yunƙura zai tashi daga kujera, sai ya kasa. Ni na kama shi. Ko zargina bai yi ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Sai a ranar na gane abin da matar ta zo nema. Ba kyan kaya ta zo gani ba, nauyi ta zo aunawa, don ta san hannu nawa za a turo a ɗauka. Ni kuma na kwashe nauyin na ɓoye a bayan mota.

Washegari na nemi ofishinsu na je. Na jira ta har ta fito, na gaya mata gaskiya tun daga fenti har rawani. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ya hagg," wato Alhaji, "shekara nawa ina wannan aiki, mutane suna ƙara min ciwon da babu don su samu. Kai ne na farko da ya ɓoye min wanda yake akwai." Ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, amma ita ba ta rubuta abin da dillali ya gaya mata. Ƙa'idarsu ita ce sai ta ji daga bakin mai jikin. Za ta sake zuwa sau ɗaya kafin a rufe jerin, ranar Alhamis. In Baba ya sake cewa lafiya lau, abin da za ta rubuta ke nan.

Na fito ina ganin abin mai sauƙi ne. Ni da na sha shawo kan mutumin da ya rantse ba zai sayar da kujerar mahaifiyarsa ba, tsoho ɗaya ne zai gagare ni?

Ranar Talata da la'asar ni na goya Baba zuwa rufin bene, domin abokina yana kwance. Ban san haka mutum yake da nauyi ba, ko da ya rame. Kowace matakala sai na ji ta a ƙuguna, na tuna wani yana yin wannan kullum, bai taɓa faɗa ba. Na zaunar da shi a tabarma, na jingina shi da bango. Rana ta yi laushi, ta koma kalar zuma a jikin benayen jan bulo marasa filasta. Maƙwabcin ya hau hasumiyarsa yana kaɗa wani jan ƙyalle yana fito, tattabaru suka tashi gaba ɗaya, suna zagaye, in sun juya sai cikinsu ya yi fari fat, in sun sake juyawa su ɓace cikin hayaƙin gari. Ƙarar motoci tana zuwa daga nesa kamar ruwa yana gudu.

Na fara ciniki. Na bayyana masa komai dalla-dalla, har da gidan bayan gari. Na ce kalma uku kawai ake so ya faɗa: ba na iyawa. Ya saurare ni har na gama, idonsa yana sama. Sannan ya fara ba ni labarin da ban tambaya ba. Ya ce yana ɗan shekara bakwai suka bar Haɗeja da mahaifinsa da jaki ɗaya, za su hajji a ƙasa. Ya ce akwai wani tafki da suka yi kwanaki suna bin gefensa, ruwan da sama duk kala ɗaya, har ya ɗauka a cikin sama suke tafiya. Ya ce sukan tsaya su yi noma a gonar wasu damina guda, su samu guzuri, su ƙara gaba. Ƙafar mahaifinsa ta kumbura a hanya har ba ta shiga takalmi, amma duk garin da suka shiga aka gaishe shi, lafiya lau yake cewa. Haka ya yi ta faɗa har suka iso bakin wani kogi a Sudan, a can aka binne shi, Makka tana gaba.

Sai ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Dillali, shi yana tafiya a kan ƙaya bai kai ƙarar Ubangijinsa wurin kowa ba. Ni ina zaune a inuwa, ana ba ni waken ful da shayi, sai in buɗe baki in gaya wa 'yar mutane an rage ni? In za a kai ni can, a kai ni. Can ma ƙasar Allah ce."

Duk dabarun da na sani na saye da sayarwa ne, wannan kuwa ba na sayarwa ba ne. Tattabarun suka fara saukowa ɗaya-ɗaya. Ina zaune ina tunanin yadda zan gaya wa abokina, sai na ji Baba yana magana ƙasa-ƙasa, tafin hannunsa a buɗe a kan cinya. Addu'a yake yi wa abokina, da alama kullum a wannan lokacin yake yinta. Kuma ba a dunƙule yake yi ba. Yana cewa Allah ka saka wa Malam da ya ɗaga ni da asuba, ka saka masa da ya wanke min abin da ɗana bai wanke ba, ka saka masa da ya juya ni don kada bayana ya yi gyambo. Ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi. Duk abin da Daktora ta tambaya yana ciki, har da wanda ba ta san za ta tambaya ba.

A nan na gane. Mutumin nan ba zai taɓa faɗin abin da ya rasa ba, amma ba zai iya ɓoye alherin da aka yi masa ba. A wurinsa na farkon ƙorafi ne, na biyun kuma in ya ɓoye ya yi butulci.

Ranar Alhamis ban kunna turare ba. Na dawo da leda da fo da tsohon keke inda suke. Baba yana kan gadonsa da 'yar shara, ba rawani. Da Daktora ta iso na roƙe ta abu ɗaya, ta bar ni in canza tambayar, kuma na yi mata alkawarin duk abin da ya faɗa zan juya mata shi yadda yake, ba ƙari ba ragi. Ta ɗaga kafaɗa ta ce yalla, mu je.

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, baƙuwar nan tana so ta san wa kake yi wa addu'a a gidan nan, kuma me ya yi maka."

Fuskarsa ta washe. Ya ce ai wannan tambaya ce ta mutanen kirki. Ya fara tun daga asuba. Ya faɗi yadda Malam yake sa hannu ƙarƙashin hammatarsa ya zaunar da shi, yadda yake kawo ruwan ɗumi ya yi masa alwala domin hannunsa ba ya kai wa ƙafa, yadda yake canza masa shimfiɗa ba tare da ya taɓa ɓata fuska ba, yadda yake murƙushe masa magani a cikin shayi saboda ƙwaya ba ta wuce masa. Ya ce sau biyar ake ɗaga shi don salla, sau ɗaya don tattabaru. Ina juyawa, tana rubutawa. Ta cika shafi ta juya wani. A tsakiya ta tambaya, tun yaushe? Baba ya ce tun sanyi uku da suka wuce, kuma ko sau ɗaya Malam bai ce ya gaji ba, sai dai shi yana jin numfashinsa a matakala, ya san bayan Malam ya kusa ƙarewa.

Abokina yana bakin ƙofa. Bai taɓa jin wannan lissafin ba, domin Baba a ɓoye yake yinsa. Sai ya ce bari ya duba butar shayi, ya fita. Ni na san babu komai a kan wuta.

Kafin ta tafi ta sake zama da sauran biyar ɗin, da sabuwar tambayar. A bakin ƙofa ta ce min za ta riƙe tambayar nan, tana da wasu gidajen da take zargin an yi mata irin wannan ladabin.

An turo ma'aikacin jinya kafin wata ya ƙare, wani ƙaƙƙarfan Basudane mai 'ya'ya huɗu, wanda kakarsa Bahaushiya ce, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Baba ya ɗauki gyara masa ita a matsayin aikinsa. Ya ƙara shekara biyu a gidan, kuma a ɗakinsa ya cika, da rana, mutane suna amsa masa da harshen da ya fara ji a duniya. Abokina yana nan, yana tafiya a ɗan karkace, amma da ƙafarsa. Har yau in mun yi musu sai ya ce in yi shiru, ni da na naɗa wa mara lafiya rawani.

Ina yawan tuna rufin benen nan, musamman in la'asar ta same ni a hanya na ga tattabaru suna juyawa a sama. Ban daina goge kaya ba, sana'ata ce. Amma na daina yi wa mutane.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai yau. Shekara da shekaru duk Juma'a ina kiran mahaifiyata a Funtuwa, in ce ya jiki, ta ce lafiya lau, in kashe waya hankalina kwance. Juma'ar da ta biyo bayan zuwan Daktora na biyu, bayan mun gaisa, sai na ce, "Inna, wa ya kyauta miki a satin nan, in taya ki yi masa addu'a?"

Ta yi murna da tambayar. Ta ce in sa matar maƙwabcinmu a gaba, domin ita ke zuwa kullum ta zura mata zare a allura, ta karanta mata lambobin waya, ta kama hannunta zuwa gidan suna.

Ashe wata takwas ke nan idonta yana rufewa, kuma duk Juma'a lafiya lau take ce min. A satin na fara nema mata biza, ta zo a duba idon.